Maƙoƙo, Gishiri da Ɗakin Awo



Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙauye cikin ƙasarmu, tun daga Gaya har Magarya, ya taɓa ganin mace ta naɗe wuyanta da gyale ko da rana ta take. In gyalen ya zame sai ka ga kumburi gaban wuya, na wata kamar ƙwan kaza, na wata kamar ƙaramar ƙwarya. Maƙoƙo ke nan. Kowa da tasa fassara. Wasu su ce ruwan rijiyar garin ne, wasu su ce gado ne, wasu su ce jifa aka yi mata, wasu kuwa su ɗora laifin bisa nauyin tulu da yunƙurin haihuwa. Wanzami ya yi tsaga, boka ya ba da turare, kumburi yana nan inda yake.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata tambaya da akan ji daga bakin mutane masu hankali, har da wasu ma'aikata. Sukan ce: ƙasa mai fama da zazzaɓin sauro da ƙyanda da ƙarancin cimaka, me ya kai ta kashe kuɗi bisa binciken hormon da ɗakunan awo? Ai wannan aikin ƙasashe masu hali ne. Ni ra'ayina ya saɓa da nasu, kuma tarihin maƙoƙo shi ne hujjata.

Mene ne hormon?

Jikin mutum kamar ƙasa yake, yana da masu aike. Akwai wasu ƙananan gaɓoɓi cikin jiki da suke haɗa wasu sinadarai su zuba su cikin jini, jini kuwa ya kai su nesa, ga zuciya da ƙashi da ƙwaƙwalwa, su isar da umurni. Waɗannan ƴan aike su ake kira hormon. Wani masani na Ingila, Ernest Starling, shi ya raɗa musu wannan suna a 1905. Insulin, wanda rashinsa ke kawo ciwon sukari, ɗaya ne daga cikinsu.

Gaban maƙogwaro akwai wata ƴar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, nauyinta wajen gram 20, likitoci suna ce mata tiroyid. Hormon ɗin da take yi shi ne mai daidaita zafin jiki da bugun zuciya da girman yaro da ginuwar ƙwaƙwalwarsa. Amma ba ta iya haɗa shi sai da wani sinadari mai suna iyod, wanda ƴan uwanmu na Najeriya suke kira aidin. Babban mutum yana bukatar mikrogram 150 a yini, mace mai ciki 250. Mikrogram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na gram. In aka tara duk abin da mutum zai bukata tsawon rayuwarsa, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. To amma in wannan ɗan ƙanƙanin abu ya yi ƙaranci, wata ƴar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa sai ta riƙa aiko wa tiroyid da umurni cewa ta ƙara himma. Ita kuwa sai ta yi ta girma don ta kama ɗan iyod ɗin da ke wucewa cikin jini. Wannan girman shi ne maƙoƙo.

Yadda aka gano

Wannan bayani da na yi cikin layi kaɗan, sai da aka yi fiye da shekara 100 ana awo da gwaji kafin a tabbatar da shi.

A 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano iyod cikin tokar ciyawar teku. A 1820 wani likita na birnin Janeba, Coindet, ya ba masu maƙoƙo shi, kumburin ya sace ga da yawa. Sai dai wasu sun sha ya wuce kima, suka rame, hannu na rawa, zuciya na bugawa da sauri, har mutane suka tsorata da maganin. Cikin shekarun 1850 wani masani, Chatin, ya bi garuruwan Faransa yana auna iyod cikin ruwa da ƙasa da abinci, ya ce inda ya yi ƙaranci nan maƙoƙo yake yawaita. Manyan masana na zamaninsa ba su gamsu ba, maganar ta kwanta. Sai wajen 1895 Eugen Baumann na Jamus ya auna tsokar tiroyid kanta cikin ɗakin awo, ya tarar da iyod tare cikinta. A 1914 kuma Edward Kendall na Amurka ya tsamo hormon ɗin kansa, wanda ake kira tiroksin.

Bayan ɗakin awo sai gwaji ga mutane. Daga 1917, likita David Marine ya yi gwaji ga ƴan mata ƴan lakwal a birnin Akron na Amurka. Ya ba 2190 iyod sau biyu a shekara, 2305 kuwa ba su sha ba. Cikin waɗanda suka sha, 5 kaɗai suka yi maƙoƙo. Cikin waɗanda ba su sha ba, 495. Gani ya kori ji. A 1922 wata jaha ta ƙasar Suwis ta fara sa iyod cikin gishiri, a 1924 aka fara a Amurka. Ƙasar Suwis, wadda a da ta yi suna wajen yawan maƙoƙo cikin duwatsunta, ta wayi gari an daina haihuwar yaran da rashin iyod ya naƙasa.

Ɓarnar da ba a gani

Kumburin wuya shi ido ke gani, amma babbar ɓarna tana can ɓoye. Ɗan da ke cikin ciki, a watannin farko, hormon ɗin uwarsa yake dogara da shi don ginin ƙwaƙwalwarsa. In uwa ba ta da isasshen iyod, ciki yana iya zubewa, ko a haifi ɗa ba rai. In rashin ya yi tsanani, a haifi yaro kurma kuma bebe, ya tsumbure, hankalinsa bai cika ba. Gwajin da aka fara a 1966 cikin duwatsun Papuwa Niyu Gini ya tabbatar da wannan: matan da aka yi wa allurar mai mai iyod tun kafin su ɗauki ciki sun tsira daga haihuwar irin waɗannan yara, amma in ciki ya riga ya yi nisa, allurar ba ta gyara abin da ya ɓaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tsakanin yaro lafiyayye da wanda ya naƙasa ƙwarai akwai dubban yara da ba a ganin komi ga wuyansu, amma fahimtarsu ta ragu. Su ne malamin lakwal zai maimaita wa karatu sau biyar, a ƙarshe a ce ba su da ƙoƙari, a maida su gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rashin iyod shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke raunana ƙwaƙwalwar yara alhali ana iya kauce musu. Ku da kuka sha wahalar yaƙi da jahilci da girmanku, kun san darajar kai mai ɗaukar karatu. Ƙasar da take gina azuzuwa tana biyan malamai, amma ta bar ƙwaƙwalwar ɗalibi ta raunana tun yana ciki, tana zuba ruwa ne cikin tulu mai yoyo.

Halin ƙasarmu

Iyod a teku ya fi yawa, daga can iska da ruwan sama suke kai shi tudu. Mu kuwa teku ta yi mana nisa: daga Yamai zuwa Kotonu tafiyar wajen kilomita 1000 ce. Ƙasar nomanmu ba ta da shi da yawa, saboda haka hatsinmu da wakenmu da nonon dabbobinmu su ma ba su da shi da yawa, kifin teku kuwa ba abincin talaka ba ne. Makiyaya ma sun san alamar, don akan haifi ɗan rago ko ɗan akuya da kumburin wuya, ya zo da rauni ya mutu.

A 1990 shugabannin duniya suka yi alkawari, a babban taron da aka yi don yara, cewa za a kawar da cututtukan rashin iyod, hanyar da aka zaɓa kuwa ita ce gishiri, tun da kowa yana cin sa kullum, mai kuɗi da talaka. Cikin tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Nijar ta kafa doka cewa gishirin da za a shigo da shi ko a sayar don ci, sai mai iyod. Wannan abin yabo ne, kuma kuɗin sa wa gishirin mutum ɗaya iyod na shekara guda bai wuce kuɗin goro ba.

Amma doka a takarda take, gishiri kuwa a buhu. Yawancin wanda muke ci daga waje yake zuwa, ya kwana cikin manyan motoci, ya sha rana ya sha raɓa, ya zauna cikin tasa a buɗe tsakiyar kasuwa, iyod ɗinsa yana raguwa. Wani buhun an rubuta masa "mai iyod" alhali tun can asali ba a sa masa isasshe ba. Ga kuma namu na gida, na Bilma da Fashi wanda ayari ke kawowa, da na Tigidda da na Foga, wanda iyayenmu suka saba da ɗanɗanonsa, kuma dubban iyalai suke ci da shi. Ba wanda zai iya gane gishiri mai iyod da ido ko da harshe. Awo kaɗai ke faɗi.

Akwai wata magana kuma da ta shafe mu kai tsaye, ita ce ta hatsi, watau gero. Binciken da aka yi a Darfur ta ƙasar Sudan a farkon shekarun 1980 ya lura cewa maƙoƙo ya fi yawa ga mutanen ƙauye masu rayuwa bisa gero. A 1989 masu bincike suka nuna cikin ɗakin awo cewa gero yana ɗauke da wasu sinadarai, mafi yawa cikin dusarsa, masu rage wa tiroyid ƙarfin aiki. Haka aka gano ga rogo mai ɗaci wanda ba a jiƙa shi da kyau ba, a yankin Ubangi na ƙasar Kongo. Kada mai karatu ya fahimce ni a karkace. Ba na cewa a bar fura da tuwo, hatsi shi ne ƙashin bayanmu. Illar tana fitowa ne inda iyod ya riga ya yi ƙaranci. Abin da wannan ke nufi shi ne, mutanen da ke cin hatsi safe da dare sun fi kowa bukatar gishirinsu ya zama ingantacce. Kuma akwai tambayoyin da suka rage: wane irin hatsi cikin namu ya fi ɗaukar waɗannan sinadarai? Me surfe yake ragewa, me jiƙo da tsami suke canzawa? Masanin ƙasar da ba a cin gero ba zai kwana yana tunanin waɗannan tambayoyi ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Kaɗan cuta, da yawa cuta

Wani zai ce, to a zuba iyod da yawa mana a huta. Wannan shi ne kuskuren zamanin Coindet. Cikin tsakiyar shekarun 1990, a Zimbabuwe da gabashin Kongo, gishirin da aka cika wa iyod fiye da kima ya sa tiroyid ɗin wasu mutane, musamman manya masu tsohon maƙoƙo, ta zabura tana aiki fiye da bukata, suka rame, zuciyarsu ta rikice. Shi ya sa aka ƙayyade miligram 20 zuwa 40 cikin kowane kilo na gishiri a wurin da ake haɗa shi. Akwai ƴar kwalbar gwaji wadda ake ɗiga ruwanta bisa gishiri, in ya rine ya yi shuɗi an san akwai iyod. Tana da amfani ga kasuwa da bakin iyaka, amma ba ta faɗin yawansa daidai. Wannan aikin ɗakin awo ne. Kuma don a san ko jama'ar wata gunduma suna samun abin da ya ishe su, fitsarin ƴan lakwal da na mata masu ciki ake aunawa, tun da mafi yawan iyod ɗin da aka ci ta nan yake fita.

Haka kuma ba kowane kumburin wuya ne na rashin iyod ba. Akwai wanda tiroyid ɗinsa ta yi sanyi: kullum kasala da jin ɗari da kumburin fuska da mantuwa. Akwai wanda tasa ta zabura: yana ci yana ramewa, gumi ba ya tsayawa, ido ya firfito, ba barci. Irin wannan sau da yawa akan ce iska ce ta taɓa shi. Akwai kuma ƙullin da kan zama ciwon daji. Maganin kowanne daban, kuma in aka ba wani maganin wani, cutar ƙaruwa take yi. Abin da ke raba su shi ne awon hormon cikin jini. Hormon kuwa ɗan mitsitsi ne cikin jini, ba a iya auna shi da sauƙi ba sai da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙago wata dabara wajen 1960, wadda ta sa aka ba ita Yalow kyautar Nobel a 1977. Bisa wannan dabara ne aka fara, a jahar Kebek ta Kanada a 1974, ɗibar ɗigon jini daga dunduniyar kowane jariri a sa bisa takarda a aika ɗakin awo. Wajen jariri ɗaya cikin 3000 akan haife shi da tiroyid marar aiki, ko da uwarsa ta ci gishiri mai kyau. In aka gane shi cikin makonnin farko, ƴar ƙwaya ɗaya a yini ta isa ya girma da cikakken hankali kamar kowa. In aka makara, ba a iya maido abin da ya tafi.

Amsa ga masu cewa bai dace da mu ba

Gaskiya ne kuɗin ƙasa ba su da yawa, kuma gaskiya ne zazzaɓi yana kashe yaro cikin kwana uku, maƙoƙo kuwa ba ya gaggawa. Ban ce a ɗauke kuɗin gidan sauro ko na rigakafi a sayi na'ura ba. Amma mu duba abin da ake nema. Ba a ce mu sake gano iyod ba, wasu sun riga sun sha wannan wahala, sun bar mana sakamako kyauta. Abin da ya rage namu shi ne mu auna gishirinmu, mu auna jama'armu, mu binciki cimakarmu. Kuɗin wannan kaɗan ne in aka gwada da kuɗin fiɗar maƙoƙo, da na tafiyar marar lafiya daga ƙauyen Tanut ko Dakwaro zuwa babban birni don awon jini guda, da asarar yaron da zai rayu shekara 50 yana hannun danginsa. Wanda ya ƙi biyan kuɗin awo zai biya kuɗin jinya, kuma na biyun ya fi tsada.

Abin da nake roƙo

Ga ma'aikatan duwan da na kasuwanci: kowace motar gishiri da ta shigo a gwada ta, kuma a riƙa aika samfuri ɗakin awo na ƙasa don a san yawan iyod ɗin daidai. Kwalbar gwaji tana da ranar lalacewa, a riƙa sabunta ta.

Ga hukumomin jihohin da ake haƙar gishiri: hana masu aikin gishirin gida sana'arsu ba mafita ba ce. A tara su cikin ƙungiyoyi, a ba su ƙananan injinan gauraya da sinadarin, a koya musu awo, gishirin Bilma ya zo kasuwa da ɗanɗanonsa da iyod ɗinsa. Kada a manta da na lasar dabbobi.

Ga ma'aikatar lafiya: awon hormon na tiroyid ya samu cikin babban asibitin kowace jaha, da kuɗin da talaka zai iya, kuma kayan aikin kada su riƙa yankewa. A fara awon jarirai cikin manyan gidajen haihuwa, daga nan a faɗaɗa. A riƙa auna ƴan lakwal da mata masu ciki a kai a kai, a bayyana sakamako ga jama'a da harsunan ƙasa.

Ga jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram, inda ake koyar da aikin likita, da cibiyar binciken noma ta INRAN: maganar hatsi da tiroyid tana jiran ku. A ba samarinmu masu bincike kayan aiki da albashin da zai riƙe su gida.

Ga uwar gida: ki nemi gishiri mai iyod, ki zuba shi cikin abu mai marfi, nesa da murhu da laima. Kada ki ƙara yawansa cikin miya don kin ji yana da amfani, yawan gishiri yana kawo hawan jini. Gram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya, shi ne iyakar babban mutum. In kin ga kumburi ga wuyanki ko na ɗiyarki, ba abin kunya ba ne kuma ba jifa ba ne, a tafi likita kafin a tafi ga aska.

Ga ku kuma da kuka iya karatu: ku karanta wa maƙwabta wannan shafi, ku tambayi mai gishirin kasuwarku ko an taɓa gwada buhunsa. In masu saye suka fara tambaya, masu sayarwa za su fara kula.

Allah shi ba mu lafiya, shi raya mana zuriya da cikakken hankali. Amin.